Ƙanzo ya kama tukunyar alminiyum, in jiƙa ta da soda?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ranar Asabar muka yi suna, dafa-duka ta kama a babbar tukunyata, irin ta alminiyum mai kaurin nan da maƙera ke zubawa. Ƙanzon ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta. Na jiƙa, na kankare da cokali, na sa soson waya da toka, ko gezau. Maƙwabciyata mai haɗa sabulun ruwa ta ɗebo min soda, mai ƙunar nan da ake haɗa sabulu da ita (caustic soda), a leda, ta ce in zuba a ruwan zafi in bar shi ya kwana. Ni kuwa da idona na ga tabon da sodar nan ta bar mata a bayan hannu. Tukunyar ta marigayiya mahaifiyata ce. In zuba ko in bari?

Anti Mai Sabulu:
Wa alaikumus salam. Kar ki kuskura, ƙanwata! Soda da alminiyum ba sa ga maciji. Abu na farko da ake koya wa mai shiga sana'armu ke nan: bokitin roba mai kauri, ban da tukunya. Kuma wa ya ce ruwan zafi? Ko a ruwan randa kika zuba ta, da kanta take ɗaukar zafi har bokitin ya gagari taɓawa. A ruwan zafi tafarfasa za ta yi ta fallatso miki a fuska. Ita ake barbaɗawa cikin ruwa, ba a kwara mata ruwa a kai. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta zuba ruwa kamar minti 20, in ido ne a wuce asibiti. Don Allah ki ɗauke ledar daga inda yara ke kaiwa, sukari suke zato.

Malamin Kimiyya:
Anti ta faɗi gaskiya, bari in ƙara dalili. Alminiyum yana da wata siririyar fata da ke kare shi. Soda takan narkar da ita, sannan ta shiga cin ƙarfen kansa. Kumfar da ke tasowa iskar haidurojin ce, mai kama wuta, ga shi a kicin ake, kusa da gas ko risho. Kafin safiya gindin tukunyar ya zaizaye, in akwai wuri mai rauni ya huje.

Tukunyar sitenles tana jure soda, amma ita ma da dodonta: bilic irin su Hypo da Jik in ya kwana a ciki yakan yi mata ƙananan ramuka. Kada kuma a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin ke fita, tana shaƙe mutum. Roba kuwa ki duba ƙasanta, mai lamba 2 ko 5 ita ce daidai. Gorar ruwan sha mai lamba 1 soda na lalata ta.

Hajiya Babba:
Ku yaran zamani akwai gaggawa. Zuba ruwa ya rufe ƙanzon, sa omo kaɗan, ɗora a wuta ya tafasa, ki bar shi ya huce. Kankare da muciya, ki bi da yashi mai laushi. In bai fita ba ki maimaita. Baƙin da kanwa ke sa wa tukunya kuwa, tsamiya ko lemon tsami za ki tafasa a ciki, sai ta yi fes. Amma kar ki riƙa barin zoɓo ko miyar tumatir su kwana a ciki, tsami ma yana cin ta a hankali.

Maman Husna:
Allah Ya saka da alheri, na mayar wa maƙwabciyata da sodarta. Malam, to kan murhun gas fa? Maiƙo ya daskare a kai, ita da soda take wanke nata.

Malamin Kimiyya:
Ƙafafun da tukunya ke zama a kai yawanci baƙin ƙarfe ne, soda ba ta cin su. Amma kan da wuta ke fitowa sau da yawa alminiyum ne. Gwada da maganaɗisu, Maman Husna: wanda bai kama ba, ruwan ɗumi da omo da tsohon buroshi kawai.