Maɓallin da ke bin rubutunsa: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Ƴan uwa masu haɗa manhaja, ina neman shawararku a kan kalma guda. Ina rubuta wa ƙannena bayanin aiki da Hausa, sai na cije a kan abin da Android ke kira wrap_content, wato umarnin da ke sa girman maɓalli ya bi girman abin da ke cikinsa.

Ga yadda abin ya taso. Na yi wa matan unguwarmu nan Maradi wata ƴar manhajar adashi. Da Faransanci maɓallin ƙarshe kalma ɗaya ce, Valider. Da na mayar da shi Hausa ya zama "Tabbatar da zubin wannan mako". A wayata ya zauna lafiya. Da na kai wa Inna, wadda ta ƙara girman haruffan wayarta saboda ido, abin da ya fito shi ne "Tabbatar da zu" da ɗigo uku. Ta riƙe wayar ta ƙi dannawa, ta ce ba ta tabbatar da abin da ba ta gani ba, balle maganar kuɗin mutane. Gaskiyarta kuwa. Ni na ɗaure tsayin maɓallin da lamba, na kuma hana rubutun sauka layi na biyu.

Gyaran ba shi da wuya. A sa tsayin ya zama wrap_content, a cire ƙa'idar layi ɗaya, a bar masa mafi ƙarancin tsayi 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon Android), wanda Google ke ba da shawara don yatsa ya samu wurin sauka. A iPhone kuma sai a mayar da adadin layukan rubutun 0, ma'ana babu iyaka. Tun daga Android 14 mutum na iya ninka girman haruffa har kashi 200 cikin ɗari, saboda haka matsalar Inna za ta riƙa dawowa.

Sunan ne ya tsaya mini. Shi kansa sunan "maɓalli" mun gama da shi, kowa ya karɓa. Amma wannan halin nasa fa?

Wani abokin aikina ya ce "miƙewa". Ban gamsu ba, domin abin da ya miƙe tsawo kawai ya ƙara, shi kuwa wannan yana ƙaruwa, yana kuma komawa idan rubutun ya ragu. "Kumbura" tana tuna wa mutum ciwo. Wani ya kawo "maɓallin roba", ta yi daɗin faɗi, sai dai roba matse abin da ke cikinta take yi, kuma matsewar ce muke gudu.

Wajen telana a babbar kasuwa na samu haske. Ina kallo ya zagaya ƙirjin wani yaro da igiyar awo kafin ya taɓa almakashi. Jiki ne ke faɗin girman riga, rigar bin sa take yi. To haka maɓallin nan yake da rubutunsa, daidai ruwa daidai tsaki.

Saboda haka ina ba da shawarar "bi-rubutu". Ginin ba baƙo ba ne a bakinmu, muna da bi-bango, muna da cika-ciki. Sai a ce "sa maɓallin a bi-rubutu", ko "wannan maɓallin bi-rubutu ne". Abokin tafiyarsa match_parent, wanda ke cike duk filin da aka ba shi, sai ya zama "cika-wuri". Ita kuma dabarar da ta zo da Android 8, mai ƙanƙance haruffa don su shiga maɓallin da ba ya motsi, mu kira ta "matse-rubutu", kada a riƙa haɗa su.

Inda na san kalmar ta gaza: wrap_content yana aiki har a kan hoto, ba rubutu kaɗai ba. Na gwada "bi-ciki", amma da na faɗa wa ƙanena sai ya ɗauka hanya nake nuna masa. Mutanen Damagaram da Katsina, in kuna da wadda ta haɗa duka biyun, ku kawo kafin in ba yaran takardar ranar Asabar.