An ci yayana tara kan ɓarnar gona, mu biya ko mu ɗaukaka ƙara?

Ɗan Gagarawa:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin harkar kotu ku ba ni shawara. Awakin yayana ne suka faɗa gonar waken maƙwabcinmu, aka je gaban mai unguwa ba a daidaita ba har magana ta kai kotun shari'a, alƙali ya ce tarar naira dubu 30 ko zaman gidan yari na wata biyu, sannan ya biya mai gona dubu 80 kuɗin ɓarna. Wallahi ɓarnar ba ta kai haka ba, 'yan kunyoyi ne ta bakin gona. Baba ya ce a kai rago Maigatari ranar Alhamis a sayar a biya kowa ya huta, ni kuma raina bai kwanta ba.

Malam Na Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka raba abu biyun nan tukuna. Tara kuɗin gwamnati ce, ita ce aka haɗa da ɗauri, in ba a biya ba tafiya za a yi da shi, don haka ita za ku fara biya. Dubu 80 ɗin kuwa haƙƙin mai gona ne. In ba ku gamsu ba kuna da damar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, Ofa ɗin nan, amma cikin kwana 30 daga ranar hukunci, kuma sai kun je wajen rajistara kun nemi kwafin hukuncin. Kar ku ɗauka shigar da afil kaɗai ya tsayar da biya, sai an roƙi kotu ta dakatar. Ya aka yi ma aka ƙiyasta ɓarnar, an tura mutane sun je gonar sun gani?

Hajiya Maman Khadija:
Ni dai ɗana ina bayan Babanku. Kuɗin mota da na takardu da na lauya sai su haura abin da kuke gudu, ga damina aiki na jiranku, ga shi kuma maƙwabci ne gobe tare za ku yi sallah. Ku ɗauki liman da dattawa biyu ku je ku same shi, tunda haƙƙinsa ne yana iya yafe wani abu, amma in ya yafe ku koma tare a faɗa gaban alƙali a rubuta.

Sani Mai Babur:
Ko nawa za ku biya kar ku miƙa wa kowa a bakin ƙofa ko gindin bishiya, ku karɓi rasit mai hatimi ku adana shi. Kuma ana roƙon alƙali a biya kaɗan-kaɗan in babu hali. In afil ɗin za ku yi akwai Legal Aid a Dutse, lauya kyauta ne ga mara ƙarfi.

Ɗan Gagarawa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam ba wanda aka tura gonar, maganar mai gona da shaidunsa biyu kawai aka bi. Gobe zan je neman kwafin, Baba kuma ya yarda zai yi wa liman magana bayan magariba.