Neman shawara: An bar mini ɗan kare mai gashi, ga zafin Maradi

Salamu alaikum 'yan uwa. Matar da na yi wa aikin gida shekara uku ta koma ƙasarsu, ta bar mini ɗan karenta. Ta ce sunan irinsa Pekinuwa. Bai wuce kilo 5 ba, hancinsa a lotse, gashi har ƙasa. Tun da bazara ta shigo sai haki yake, idonsa na hawaye. Jiya yara sun fita da shi, ya dawo jikinsa duk ƙarangiya, har magariba muna cira. In aske shi ƙwal? Kuma zai ci tuwo?

Likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Karen fadar sarakunan Sin ne, daga birnin Pekin ya samo sunansa. Turawa ba su mallake shi ba sai 1860, da sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta sarkin Sin, aka kai guda 5 Ingila. Wato ba a halicce shi don rana mai digiri 40 ba. Kare da haki yake rage zafin jiki, shi kuwa wannan hanyar numfashinsa gajera ce, zafi na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. A rage gashin da almakashi, kar a aske har fata, rana za ta ƙone shi. Fita sai da asuba ko bayan magariba. Kin ga harshensa ya yi shuɗi, jiƙa shi da ruwan randa ki kawo shi maza. A duba takardarsa ko an yi masa allurar ciwon hauka.

Wata uwa daga unguwar Zariya:
Yaya, ni idon nan ya fi damuna. Idon ya firfito waje, ƙaya kaɗan ta ishe shi. Ki riƙa goge shi da ƙyalle mai tsabta, har lungun fatar hanci. Igiya a ƙirji, ba a wuya ba. Shinkafa da nama ko kifi maras ƙaya, amma ban da miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata masa jini.

Wani dattijo:
'Yata, gadi dai ba zai yi ba, sai haushi. Ki ware masa kwano, ki nisanta shi da wurin salla, sauran ki tambayi malamai.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Likita, na ga kaska biyu a kunnensa yanzu, gobe da safe muna tafe.