Shawarwari daga Damagaram kan raya basirar yara a lakwal

Malamai da iyayen da suka tattauna a Zinder sun fi nanata abu guda: yaro kan daina tambaya ranar da aka yi masa dariya ko tsawa. Mushe ya ware minti 10 kafin a tashi, kowa ya yi tambayarsa da Hausa, don Faransanci na ɗaure harshen ƴan CI, wato ajin farko.

Kayan aikin ƙere-ƙeren yara ba sai an saya ba: yumɓu, karan dawa, gwangwanin madara. A raba yara shida-shida. In sun wuce haka, biyu ke ƙira, sauran kallo.

COGES kuwa, wato kwamitin kula da lakwal, ta shirya kai ƴan CM (aji biyar da shida) majema ko fadar Sarki a Birni, da sassafe, iyaye mata biyu na rakiya, da bidon ruwa.