Abin da aka tsayar kan zuwa Gashaka Gumti daga Gombe

To jama'a, ga shawarwarin da suka fito a hirar da muka yi kan tafiyar nan zuwa Gashaka Gumti, gandun dajin da ke jihohin Taraba da Adamawa. Abu na farko da kowa ya yarda a kai shi ne lokaci, a bari sai rani, daga Disamba zuwa Maris, don da damina koguna kan cika hanyar cikin daji ta lalace. Hanya kuwa Kaltungo, Numan, Jalingo, Bali sai Serti inda ofishin gandun yake, tafiya ce ta yini guda don haka a yi sammako, mota kuma ta zama mai tsayi daga ƙasa.

Inda aka fi jan magana shi ne batun dabbobi, wasu na zaton kamar Yankari ne ka zauna a mota giwaye su gifta, ina, nan kurmi ne da duwatsu, da ƙafa ake shiga tare da ma'aikacin gandun, kuma sai an yi haƙuri kafin a ga ɓauna ko dorina, balle chimfanzi, wani babban biri da ba ya son hayaniya. Ni dai ko kallon tsaunukan kaɗai ya isa, wallahi. Can ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya.

Wani dattijo ya ce kar a manta rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi da gidan sauro, a riƙe tsabar kuɗi don sabis na yankewa, sannan a tuntuɓi ofishin Serti kan tsaro kafin a tashi.