Soja ya bi umarni, fararen hula suka mutu: alhakin yana wuyan wa?

Mai tambaya: Jama'a, in soja ya yi harbi bisa umarni, fararen hula suka mutu, shi za a kama ko kwamandansa?

Masanin doka: Malam, "an umarce ni" ba ta wanke mutum tun shari'ar Nuremberg ta 1945, wadda aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sashe na 33 na Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ya bar kafa ɗaya kawai: bin umarnin ya zama dole a kansa, bai san haramun ba ne, kuma haramcin bai fito fili ba. Harbin wanda ya ɗaga hannu kuwa, ai ko makaho ya san haramun ne. Sashe na 28 ke kama kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, ya yi shiru.

Wani: Ba kowace mutuwa ce laifi ba. Ana duba ko an tantance cewa wurin da aka kai wa harin na soja ne, da ko ɓarnar da aka hango ta zarce amfanin harin.

Ma'aikaciyar jinya: Kotu na iya wanke sojan, zuciya ta ƙi. Mugun mafarki, firgita da ƙara, gudun mutane: in sun wuce wata guda, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kuma don Allah a daina tambayarsa mutum nawa ya kashe.