Ƙarin da aka cire a kai ne ya sauko huhu, ko wani ciwo ne daban?

Mai tambaya, daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 4 da suka wuce aka cire wa Baba ƙari a ƙwaƙwalwa, ya warke har ya koma shagonsa. Wata 2 ke nan yana tari, ya rame, hoton CT ya nuna ƙulli 3 a huhun dama. Likita ya ce ko dai ƙarin kan ne ya yaɗu, ko kuma sabon kansar huhu ne, don Baba ya sha taba kusan shekara 30 kafin ya bari. Suna so su saka allura su ciro tsoka. Umma ta ƙi, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Don Allah ku ba ni shawara, na rasa barci.

Wani likita, daga Riyad:
Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah Ya ba Baba lafiya. Ku yarda a ciro tsokar. Ƙarin da ya fara a ƙwaƙwalwa ba kasafai yake fita waje ba, an fi ganin akasin haka, kansar huhu ta hau kai. Hoto kaɗai ba ya raba gardama. A ɗakin gwaji ake shafa wa tsokar sinadarai: alamar TTF-1 tana nuna asalin huhu, GFAP kuma ta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce. In na huhu ne, a duba sauye-sauyen ƙwayoyin halittar ƙarin da ake kira EGFR da ALK, domin akwai ƙwayoyin sha da ke aiki a kansu. A maimaita hoton MRI na kai kuma. Abin da Hajiya ke tsoro yana da matuƙar wuya ya faru, jinkiri ya fi shi haɗari.

Ma'aikaciyar jinya, daga Makka:
Ki koma asibitin da aka yi aikin farko ki karɓo rahoton tsokar, da gilasan gwajin da aka ɗora tsokar a kai in suna nan, a kwatanta tsohuwa da sabuwa. Ku ce a gwada kaki ma, tarin fuka kan yi kama da wannan a hoto.

Wata dattijuwa, daga Madina:
'Yata, kada ki yi jayayya da mahaifiyarki. Ki tafi da ita wurin likita ta ji da kunnenta. Nima haka na ƙi lokacin maigidana, sai da aka zaunar da ni.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ran Lahadi za mu je tare da Umma, rahoton farko ma yana wurin Yaya.